Hayar Kwamfuta a Gajimare: Dalilin Hauhawar Bil da Yadda Kamfani Zai Riƙe Linzaminsa

A watan Janairun 2025 kamfanin Amazon Web Services, wanda aka fi sani da AWS, ya sanar cewa abokan hulɗarsa na Najeriya za su iya biyan kuɗin hidimarsa da naira. Labarin ya zagaya tsakanin masu haɗa manhaja da masu kula da kwamfutocin kamfanoni a Kano, kuma da yawa sun ɗauka cewa farashi ya rabu da dala ke nan. Abin da ya sauya hanyar biya ce kawai, domin har yanzu da dala ake ƙididdige abin da mutum ya yi amfani da shi, sannan a juya jimillar zuwa naira bisa canjin lokacin. Wannan ruɗani ya tono wata tambaya da ta daɗe tana damun manajoji da akantoci: me ya sa kamfanin da aka shaida masa cewa ƙaura zuwa gajimare za ta rage masa kashe kuɗi yake ganin bil ɗinsa yana hauhawa wata bayan wata, alhali cinikinsa yana nan yadda yake? Amsar tana cikin yadda ake auna hayar, da kuma yadda kamfanin ke kula da abin da ya ɗauka haya.

Abin da ake nufi da gajimare

Masu sana'ar kilawud suke cewa, wasu kuma sun fassara kalmar da gajimare ko girgije. Abin da take nuni gare shi yana nan a ƙasa daram: manyan gine-gine cike da kwamfutoci masu ƙarfi da ake kira saba, an jera su a ɗakuna masu sanyi da wutar da ba ta yankewa, kuma mallakar wani kamfani ne da ke ba da hayarsu ta intanet. Irin wannan gini shi ake kira cibiyar adana bayanai. Amazon ya fara wannan kasuwanci a 2006, Google ya shigo a 2008, Microsoft kuma ya buɗe Azure ga jama'a a 2010. Dabarar da ta sa hayar ta yiwu ita ce manhajar da ke raba saba ɗaya gida-gida, ta yadda kowane ɗan haya zai ga kamar shi kaɗai ke da na'urar, alhali suna da yawa a kanta.

Abubuwa uku ne ake biya wa kuɗi. Akwai ƙarfin sarrafa aiki, wato ƙwaƙwalwar na'urar da ke lissafi. Akwai wurin ajiyar bayanai. Akwai kuma hanyar da bayanai ke bi su shiga ko su fita. Hayar kanta tana da matakai. Wani yakan karɓi na'ura wayam ya zuba nasa manhajojin, kamar wanda ya kama shago babu kanta babu komai a ciki. Wani yakan karɓi wadda aka riga aka shirya mata rumbun bayanai da sauran kayan aiki, shi nasa ya kawo manhajarsa kawai. Wani kuma gamammiyar manhaja yake haya, irin su Google Workspace da Microsoft 365, ana cajinsa bisa yawan ma'aikatan da aka buɗe wa asusu a kowane wata. Gwargwadon kusancin mutum da mataki na farko, gwargwadon ikon da yake da shi a kan na'urar, kuma gwargwadon nauyin kula da ke wuyansa.

Abin da ke tura kamfanonin Kano

Dalili na farko wuta ce. Saba da ke ofis tana buƙatar lantarki da na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, a garin da zafin bazara kan haura digiri 40. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin tayar da janareto ya yi tsalle, sannan a Afrilun 2024 aka ɗaga farashin wutar rukunin farko, wanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane kilowat na awa ɗaya. A Oktoban shekarar kuma yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu sakamakon lalacewar layukan da ke kawo wuta daga babbar tasha. Masana'anta a Sharaɗa ko Bompai da ke riƙe da lissafinta a kan saba guda tana jin duk waɗannan a jikinta.

Dalili na biyu tsoron asara ne. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris ɗin 2016 ta cinye kaya, ta kuma cinye littattafan bashi da rasitai, kuma ɗan kasuwar da ya rasa shaidar abin da yake bin mutane ya yi asara sau biyu. Na uku shi ne rassa: mai sito a Singa da shago a Kaduna da wani a Katsina yana son ganin kayan da suka rage a ko'ina daga wayarsa. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya ƙara tura ciniki zuwa tiransifa da POS, wanda ya sa lissafin da ke kan intanet ya zama bukata ta yau da kullum. Duk waɗannan dalilai ne masu ƙarfi, sai dai babu ɗaya daga cikinsu da ke tabbatar da cewa kuɗin da za a kashe zai ragu.

Daga saye zuwa mita

A tsohon tsari kamfani yakan fitar da jari sau ɗaya ya sayi saba, ya yi amfani da ita shekara huɗu ko biyar. Tun da ba a ƙara mata girma cikin sauƙi, mai sayen yakan zaɓi wadda ta fi bukatarsa nesa ba kusa ba, domin ta ɗauki nauyin ranar da aiki ya fi yawa da kuma bunƙasar da ake fata nan gaba. Wannan hikima ce a wancan tsari, domin ko na'urar ta yi aiki ko ta zauna, an riga an biya kuɗinta. Sayen kuma yana bi ta hannun mai gida ko manaja, ana kawo farashi, a yi ciniki, a sa hannu.

A gajimare lissafin ya juye. Kowace na'ura tana kan mita ne, tana ƙirga tun daga lokacin da aka kunna ta har a kashe, kuma tun 2017 AWS ke cajin wasu na'urorinsa daƙiƙa-daƙiƙa. Mitar ba ta duba ko an yi aiki da na'urar, kasancewarta a kunne kawai take gani. Sannan sayen ya tashi daga teburin manaja ya koma hannun duk wanda ke da kalmar sirrin asusun, ta yadda matashin da ke gwada sabuwar manhaja zai iya ɗauko babbar saba cikin minti biyu ba tare da kowa ya sa hannu ba, sai ƙarshen wata akanta ya ga sakamakon.

Kuskuren da aka fi yi a lokacin ƙaura ya samo asali daga haɗa tsohon tunani da sabon lissafi. Sai a duba girman sabar da ke ofis, a nemi irinta sak a gajimare, a kwashe komai a zuba. Wannan hanya tana da sauri kuma haɗarin lalacewar aiki a cikinta kaɗan ne, shi ya sa masu kwangila ke son ta. Amma rarar da aka saya da gangan shekaru biyar da suka wuce ta zama abin da ake biya wa haya kowace awa. Misalinsa kamar ɗan kasuwa ne da ya kama sito mai cin tirela goma domin shirin azumi, ya ci gaba da biyan hayarsa duk shekara alhali kayan tirela ɗaya ne a ciki, kuma mai siton ya riga ya yarda a rage ko a ƙara wuri a duk ranar da aka so.

Inda kuɗi ke zurarewa

Mafi sauƙin ganewa su ne na'urorin da ke kunne babu mai amfani da su. Mako yana da awa 168. Kamfanin da ke buɗewa daga ƙarfe takwas na safe zuwa shida na yamma, Litinin zuwa Asabar, awa 60 yake aiki, saura awa 108 ofis a rufe yake. Shafin da kwastomomi ke shiga dole ya kwana a kunne, amma na'urorin gwaji da na horar da ma'aikata da na haɗa rahoton cikin gida babu abin da ya hana a tsara musu lokacin kunnuwa da mutuwa da kansu, wanda zai zabge kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin awoyinsu. A nan akwai wani tarko da ya kamata a sani: a Azure, idan aka kashe na'ura daga cikinta kamar yadda ake kashe kwamfutar tebur, mitar tana ci gaba da ƙirga, sai an sake ta gaba ɗaya daga allon kula da asusu. A ko'ina kuma, na'urar da aka tsayar tana barin faifan ajiyarta, shi kuwa ana ci gaba da cajinsa.

Na biyu shi ne girman da ya wuce bukata. Dukkan manyan kamfanonin suna nuna wa ɗan haya kashi nawa na ƙarfin na'urarsa yake amfani da shi, har ma suna ba da shawarar ragewa. A yawancin jerin farashi, duk lokacin da aka ninka girman na'ura ana ninka kuɗinta, saboda haka sauka mataki ɗaya yana raba bil ɗinta biyu. Sharaɗin shi ne a auna na tsawon lokacin da ya haɗa da ranakun cunkoso, kamar ƙarshen wata da ake haɗa albashi, kafin a yanke hukunci. Wanda ya auna a makon da kasuwa ta yi sanyi ya rage na'ura, zai gamu da tsaikon aiki a ranar da ya fi bukatarta.

Ga kasuwancin da ke da kaka, akwai tsarin da ke ƙara na'urori da kansa idan jama'a sun yi yawa, ya janye su idan sun ragu. Dillalin atamfa da shadda a Kantin Kwari da ke karɓar oda ta intanet ya san goman ƙarshe na azumi ba ɗaya take da tsakiyar damina ba. Mai fitar da riɗi da zoɓo daga Dawanau ya san watannin da motoci ke layi. Makaranta mai zaman kanta tana ganin iyaye sun afka wa shafinta a makon fitar da sakamako, daga nan shafin ya koma shiru har zangon gaba. Irin waɗannan su ne suka fi cin moriyar gajimare, domin suna biyan ƙarfi mai yawa na 'yan kwanaki kawai. Wajibi ne dai a sa wa tsarin iyaka, saboda kuskure a manhaja ko harin masu cika shafi da buƙatun ƙarya na iya sa ya yi ta ɗauko na'urori har gari ya waye.

Na uku su ne marayun kaya: faifan da aka goge na'urarsa aka manta da shi, kwafin ajiya da ake ɗauka kullum ba a share na baya, asusun ma'aikacin da ya bar aiki tun bara amma ana biya masa lasisi. Tun daga 1 ga Fabrairun 2024 AWS yana cajin rabin santi, wato kashi ɗaya cikin ɗari biyu na dala, a kowace awa a kan kowane adireshin intanet na tsohon tsari, wato kimanin dala uku da rabi a wata. Kowane ɗaya ƙarami ne, shi ya sa ido ke tsallake su, kuma shi ya sa suke daɗewa.

Ajiyar bayanai ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce ke girma kullum ba ta raguwa. A cibiyoyin AWS na gabashin Amurka, ajiye terabait ɗaya, wato kimanin gigabait dubu, a rumbun da ake buɗewa nan take yana cin kimanin dala 23 a wata, yayin da rumbu mafi zurfi ke cin kimanin dala ɗaya. Bambancin yana da sharuɗɗa: fito da abu daga rumbu mai zurfi yana ɗaukar awa 12 ko fiye, ana biyan kuɗin fitowar, kuma ana cajin aƙalla kwana 180 ko da an goge abin kafin nan. Asibiti ba zai sa hoton majinyacin da ke kwance a can ba, amma rasitan shekara shida da suka wuce da bidiyon kyamarar tsaro na bara wurinsu ke nan. Ana iya kafa ƙa'ida sau ɗaya wadda za ta riƙa saukar da duk abin da ya tsufa zuwa rumbu mai arha, ta kuma goge wanda doka ba ta wajabta riƙe shi ba.

Sai kuɗin fita, wanda ya fi ba sababbin shiga mamaki. Shigar da bayanai kyauta ne, fitar da su zuwa intanet kuwa da kuɗi. A cibiyoyin AWS na Turai da Amurka, bayan gigabait 100 na kyauta a wata, ana cajin kimanin santi 9 a kan kowane gigabait, wato kusan dala 90 a terabait. Kamfanin da ke lissafin kaya ba zai ji wannan ba, amma mai shafin bidiyo ko darussan karatu zai iya tarar da cewa kuɗin fita ya fi na na'urorin. A farkon 2024 Google da AWS da Microsoft sun sanar da yafe wannan caji ga wanda zai kwashe bayanansa ya bar su, sai dai yafiyar ba ta shafi zirga-zirgar yau da kullum ba.

Ɗai-ɗai, sari da ragowar kasuwa

Farashin na'ura iri uku ne, kuma duk ɗan kasuwa zai gane su. Akwai sayen ɗai-ɗai, inda ake biya awa-awa babu alkawari. Shi ya fi tsada, shi ya fi 'yanci. Akwai sari, inda kamfani ke ɗaukar alkawarin amfani da wani adadi na shekara ɗaya ko uku a yi masa ragi, wanda AWS ke cewa yana iya kaiwa kashi 72 cikin ɗari, kodayake ragi mafi girma yana tare da alkawari mafi tsawo da biya tun farko. Akwai kuma ragowar na'urorin da ba a kama ba a wannan lokaci, waɗanda ake sayarwa da ragin da ka iya kaiwa kashi 90, bisa sharaɗin cewa za a iya karɓe su bayan gargaɗin minti biyu. Wannan na ƙarshe ya dace da aikin da za a iya katsewa a sake, kamar haɗa rahoto cikin dare, bai dace da manhajar da ke karɓar kuɗin kwastoma ba.

Jerin matakan yana da muhimmanci. Wanda ya yi sari kafin ya rage girman na'urorinsa ya ɗaure kansa da biyan rarar har shekara uku, ragin kawai aka yi masa a kan ɓarnar. Abin da ya fi dacewa shi ne a yi watanni ana sayen ɗai-ɗai ana aunawa, a kashe abin kashewa, a rage abin ragewa, sannan a sari mafi ƙarancin ƙarfin da aka tabbatar ana bukata dare da rana, a bar abin da ke hawa da sauka a kan farashin awa.

Dala, nisa da doka

Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki canji a Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a hukumance. A farkon 2024 ta haura 1,500. A ɗauka kamfani yana biyan dala 1,000 a wata. Bil ɗinsa ya tashi daga naira 460,000 zuwa miliyan ɗaya da rabi ba tare da ya ƙara ko da na'ura ɗaya ba, kafin a ɗora harajin VAT na kashi 7.5. Wannan ne ya sa ɓarnar da kamfani a Turai zai iya kawar da kai daga gare ta take zama barazana ga wanda ke ciniki da naira: kuɗin shigarsa da na fitarsa ba a ma'auni ɗaya suke ba.

Sai batun wurin da za a ajiye na'urorin. Babu ɗaya daga cikin manyan kamfanonin uku da ya fara kafa cikakkiyar cibiyarsa ta Afirka a Najeriya. Microsoft ya buɗe nasa a Afirka ta Kudu a 2019, AWS ya buɗe a Cape Town a 2020, Google kuma a Johannesburg a 2024. AWS ya ƙara da ƙaramin reshe a Legas a 2023. Farashi ya bambanta daga yanki zuwa yanki, kuma na Afirka ta Kudu yakan fi na Ireland ko gabashin Amurka tsada. Yawanci saƙon da ya tashi daga Kano zuwa waɗannan cibiyoyi na waje sai ya bi waya ta ƙasa zuwa Legas, sannan ya shiga igiyoyin ƙarƙashin teku. A ranar 14 ga Maris ɗin 2024 igiyoyi huɗu, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka lalace a gaɓar tekun Kwaddibuwa, kuma bankuna da kamfanoni da dama a Najeriya sun shiga tsaiko.

Masu ba da hayar cikin gida suna gina hujjarsu a kan waɗannan raunuka biyu. Kamfanoni irin su Layer3 da MTN suna sa farashi da naira, kuma bayanan suna zama a cikin ƙasa. Galaxy Backbone, mallakar gwamnatin tarayya, yana da cibiya a Abuja da wata a Kano wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Janairun 2023. Abin da manyan na waje suka fi su da shi shi ne yawan nau'in hidima, da kayan aunawa da suka nuna, da tarin ƙwararrun da suka saba da su. Kamfanin da bukatarsa ba ta wuce saba biyu da rumbun bayanai da kwafin ajiya ba yana da dalilin neman farashi daga ɓangarorin biyu, ya kuma tambayi na cikin gida abin da yarjejeniya ta tanada idan aiki ya tsaya.

Doka ma tana da ta cewa. Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ba ta haramta fitar da bayanan mutane waje ba, amma ta sharɗanta cewa wurin da za su je ya kasance yana da isasshiyar kariya, ko a samu wani dalili da dokar ta amince da shi, kamar yardar mai bayanan. Ta kuma wajabta sanar da hukumar cikin awa 72 idan aka yi kutsen da ka iya cutar da mutane. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Ga masu aiki da hukumomin gwamnati, ƙa'idojin NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, sun tanadi cewa bayanan gwamnati su zauna a cikin ƙasa. Saboda haka yankin da ya fi arha ba koyaushe ne ya halatta ba.

Masu cewa a dawo gida

Akwai ra'ayi mai ƙarfi da ke cewa haya ta dace da mai farawa ne, amma wanda aikinsa ya daidaita ya fi samun sauƙi idan ya mallaki na'urorinsa. Dropbox, kamfanin da ke ajiye wa mutane fayiloli a intanet, ya kwashe yawancin bayanansa daga AWS tsakanin 2015 da 2016, kuma takardun da ya gabatar kafin shiga kasuwar hannun jari a 2018 sun nuna ya rage kusan dala miliyan 75 cikin shekara biyu. Kamfanin haɗa manhaja na 37signals ya bayyana cewa ya kashe dala miliyan 3.2 a gajimare a 2022, sannan ya sayi nasa sabobin a 2023. Hujjar masu wannan ra'ayi daidai take a lissafi: idan nauyin aiki ba ya hawa ba ya sauka, mutum yana biyan kuɗin sassaucin da ba ya amfani da shi.

Masu ɗaya ra'ayin suna nuna cewa waɗannan kamfanoni ba a ɗakin bayan ofis suka ajiye na'urorinsu ba. A cibiyoyi masu tsayayyar wuta suka sa su, kuma suna da injiniyoyi masu kwana a kan aikin. Duk wanda zai kwatanta farashin biyu a Kano dole ya sa man dizal, batura, sola, sanyaya ɗaki, albashin mai kula, kayan gyara da ake shigowa da su da dala, da asarar ranar da na'ura ta mutu. Tsakanin ra'ayoyin biyu akwai hanya ta uku: kamfani ya sayi sabarsa ya kai ta haya a cibiyar adana bayanai ta cikin gida, ko ya riƙe aikin yau da kullum a gida ya bar wa gajimare kwafin ajiya da ranakun cunkoso. Abin da ke raba gardamar shi ne siffar nauyin aikin kamfanin, kuma ba a sanin ta sai an auna.

Wa ke riƙe da makulli

Mafi yawan abin da aka lissafa a sama ba ya bukatar sabuwar fasaha, mai alhaki yake bukata. Bil na gajimare yana zuwa da layuka ɗaruruwa da akanta ba ya iya karantawa, shi kuma mai kula da kwamfuta sau da yawa ba a nuna masa. Maganin farko shi ne a liƙa wa kowace na'ura da kowane faifai alama mai nuna sashen da ya mallake ta da dalilin kunna ta, ta yadda za a iya raba bil ɗin a ce wannan na reshen Zariya ne, wannan na gwaji ne. Duk abin da ba shi da alama sai a bi sawunsa. Zaman wata-wata tsakanin akanta da mai fasaha da manaja ya zama sana'a mai zaman kanta a duniya, har aka kafa mata gidauniyar FinOps a 2019, amma ƙaramin kamfani na iya yin sa cikin awa ɗaya. Ana kuma iya sa ƙararrawar kasafi da ke aiko da saƙo idan kashewa ta kai rabi ko ta kusa iyaka, tare da sanin cewa gargaɗi kawai take yi, ba ta tsayar da mitar sai an haɗa ta da umarnin kashewa.

Akwai wata al'ada da ta yawaita a ƙananan kamfanoni, wato a bar wanda ya haɗa manhajar ya buɗe asusun da imel ɗinsa da katinsa. Muddin ana zaman lafiya babu matsala, amma ranar da aka saɓa ko ya yi tafiya, kamfanin zai tarar da cewa bayanansa suna hannun wani. Ya kamata babban asusu ya kasance da sunan kamfani, a kulle shi da matakin tabbatarwa na biyu, wato wata shaida bayan kalmar sirri kamar lambar da ke zuwa ta waya, a ba kowane ma'aikaci izini gwargwadon aikinsa. Tsaro da tattali a nan abu ɗaya ne, domin ɓarayin da suka sami makullin asusu sukan kunna manyan na'urori su haƙo kuɗin kirifto, su bar wa mai asusun bashin. Mai ba da haya yana tsare gininsa da na'urorinsa. Kalmar sirri da saitin ƙofofi da kwafin ajiya suna wuyan ɗan haya.

Abin da ya shafi mai saye da ma'aikaci

Kuɗin da kamfani ya ɓarnatar a kan na'urar da ba ta aiki ba ya ɓacewa, yana komawa cikin kuɗin makaranta ko na katin asibiti ko cajin da ake cirewa a tiransifa, ko kuma a rage shi daga albashi da ɗaukar sababbin ma'aikata. Ga matasan da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Bayero da sauran makarantun jihar, aikin ɗaukar sukundireba a buɗe saba yana raguwa, na karanta bil da daidaita girman na'ura da tsare asusu yana ƙaruwa, kuma ana iya yin sa daga Kano wa kamfanin da ke ko'ina.

Mai saye kuwa ya fi jin abin a bakin kanta. Idan manhajar shago ba ta iya komai sai da intanet, to yankewar waya a hanyar Abuja ko lalacewar igiya a teku na nufin layi ya tsaya, kaya na gaban mutum amma ba a iya buga masa rasit. Shi ya sa kafin a sa hannu a kwangilar ƙaura ya dace a tambayi mai haɗa manhajar ko tana iya riƙe cinikin yini a kan kwamfutar shago ta aika da shi idan layi ya dawo, a kuma sa shi ya cire wayar intanet a gaban manaja ya nuna hakan a aikace.